Wa ke bisa keken? Yadda ake amfani da gangar fatisiful a Turanci

A watan Afrilu, lokacin da zafin Sakkwato ke kai maƙura kuma jarrabawar WAEC ta ƙarato, nakan fitar da benci gindin dogon yaro bayan la'asar in duba insha'in 'yan ajin ƙarshe. Wata rana na ci karo da wannan jimla a takardar wani yaro mai ƙoƙari:

*Riding my bicycle to school, a goat crossed the road.*

Na kira shi na ce, "Ɗana, wa ke bisa keken nan?" Ya ce, "Ni mana, Malam." Na ce ya faɗa mini abin da yake nufi da Hausa. Ya ce, "Ina tahiya makaranta bisa keke, sai akuya tak ƙetare hanya. Malam, ina kuskuren?"

A Hausa babu kuskure ko kaɗan, kuma a nan matsalar take. Kalmar "ina" tana ɗauke da mai aikin a jikinta: da ka ji ta ka san ni ne. Haka "yana", "tana", "muna", "suna". Ita kuwa *riding* ba ta ɗauke da kowa. Sai ta ari mai aiki daga babbar ganga, wato babban sashen jimlar da ke biye da ita, kuma wanda ta fara tararwa a bakin ƙofa shi take kamawa. A jimlar yaron nan akuya ta tarar, don haka duk mai jin Turanci zai ga akuya ce ke murza feda. Na daɗe ina koyar da wannan darasi, kuma na tabbata wanda ya riƙe wannan magana guda ya ci rabin aikin.

Abin da muke magana a kai shi ne guntun jimla wanda aikataunsa ba ya nuna lokaci kuma yawanci ba shi da mai aiki nasa na kansa. Littattafan nahawu na Ingila suna ce masa *participle clause*, na makarantunmu kuwa sun fi cewa *participial phrase*. A aji ina ce masa gangar fatisiful. Amfaninsa shi ne ya haɗe jimla biyu su zama ɗaya, ba tare da maimaita suna ko cika rubutu da *and* da *then* ba.

Mataki na farko: ka mallaki siffofin guda uku

Ta farko ita ce mai ƙarewa da *-ing*: *walking*, *selling*, *knowing*. Ta biyu ita ce siffa ta uku ta aikatau, wadda muka haddace tun firamare a jerin *write, wrote, written*. Ita ce 'yar'uwar rubutacce, dafaffe, ginanne, wankakke a Hausa. Ta uku kuwa haɗi ce: *having* tare da waccan siffa ta uku, kamar *having eaten*, *having finished*.

Kada ka raina wannan mataki. Yawancin jan biron da nake sawa a nan yake sauka. Yara suna rubuta *having went* da *having wrote* da *having ate*, alhali *gone* da *written* da *eaten* ake nema. Aikatau masu ƙarewa da *-ed* ba su da wahala, don siffarsu ta biyu da ta uku ɗaya ce. Masu baudaɗɗen hali irin su *take*, *see*, *break*, *choose*, *drive* kuwa ba su da magani sai hadda. Ka kuma lura da rubutun *-ing*: *write* tana zubar da *e* ta zama *writing* da *t* guda, *sit* da *run* da *begin* suna ninka harafin ƙarshe su zama *sitting*, *running*, *beginning*, ita kuma *lie* ta koma *lying*.

Mataki na biyu: fara daga cikakkun jimloli biyu

Kada ka soma da *-ing* kai tsaye kana fatan jimlar za ta kai ka gida. Rubuta abin da kake nufi a jimla biyu tukuna:

*Aisha opened the door. She saw her brother outside.*

Tambaya ta farko: mai aikin ɗaya ne a duka biyun? I, A'isha ce ta buɗe, ita ce ta gani. To an ba ka hanya. Cire mai aikin jimlar farko, mai da aikataun zuwa *-ing*, sa waƙafi, sannan ka kai sunan cikin babbar ganga a gurbin *she*:

*Opening the door, Aisha saw her brother outside.*

Idan amsar tambayar ta zama a'a, tsaya nan. Jimlar yaron nan ke nan: shi ke tuƙi, akuya ke ƙetarawa, masu aiki biyu. Gyaranta hanya biyu ne. Ko dai ka juya babbar ganga yadda kai za ka zama a bakin ƙofa:

*Riding my bicycle to school, I saw a goat cross the road.*

ko kuma ka mayar wa ƙaramar ganga mai aikinta da lokacinta, ka haƙura da fatisiful ɗin:

*As I was riding my bicycle to school, a goat crossed the road.*

Dukansu daidai ne, kuma ta biyun ba ta fi ta farkon ƙasƙanci ba. Ina nanata wa ɗalibai wannan, don wasu sun ɗauka sai jimla ta fara da *-ing* take zama Turancin manya.

Mataki na uku: wace siffa za ka ɗauka?

A nan Hausa za ta taimake ka sosai, in ka san yadda za ka tambaye ta. Faɗi abin da kake nufi da Hausa ka saurari farkon maganar.

In ka ji "yana" ko "tana", ko irin "da shigarsa", wato mutumin shi ke yin aikin kuma aikin biyu suna tare ko suna bin juna nan take, ɗauki *-ing*. Yana zaune a rumfarsa a Kasuwar Kara sai ya hango abokinsa:

*Sitting in his stall at Kara Market, he saw his friend.*

In ka ji "da aka", ko "wanda aka", wato a kansa aka yi aikin, ɗauki siffa ta uku. Wannan ita ce ƙawar masu rubuta tarihi:

*Born at Maratta in 1754, Shehu Usmanu Danfodiyo began preaching as a young man at Degel.*

*Founded in 1809 by Muhammadu Bello, Sokoto became the seat of the Caliphate.*

Dubi abin da ke bayan waƙafi a kowace. Wa aka haifa? Shehu, ga shi nan. Me aka kafa? Sakkwato, ga ta nan. Da za ka rubuta *Founded in 1809, many scholars came to Sokoto*, to ka ce malaman aka kafa. Irin wannan yanayi na "a gajiye", "a fusace", "a tsorace" shi ma nan yake shiga: *Tired after the journey from Illela, the driver slept in the motor park.* Kula, *tired* ce ba *tiring* ba. Tafiyar ce mai gajiyarwa, direba shi ne gajiyayye.

In kuwa ka ji "bayan ya", wato aikin farko ya kammala sarai kafin na biyu ya soma, ɗauki *having*:

*Having captured Kano in February 1903, the British marched on Sokoto.*

Sai da Kano ta faɗi sannan Turawa suka nufo Sakkwato, suka iso a watan Maris, don haka *capturing* ba za ta zauna a nan ba. Idan "bayan an" ka ji, ƙara *been*: *Having been soaked overnight, the millet was easy to grind.* Gero aka jiƙa, kuma sai da ya kwana a ruwa.

Wani abu da sunayen littafi ke ruɗa yara da shi: ana kiran mai *-ing* ta yanzu, ana kiran siffa ta uku ta da. Sunayen ba su dace da aikinsu ba. Gangar fatisiful ba ta da lokaci nata, babbar ganga ke ba ta. *Sitting in his stall, he sees*, *he saw*, *he will see*, duka da *sitting* guda. Bambancin gaskiya shi ne ko kai ka yi aikin ko a kanka aka yi shi.

Mataki na huɗu: me gangar ke faɗi?

Tunda an cire mahaɗi, mai karatu ne ke gano alaƙar da kansa. Wani sa'in lokaci ake nufi, kamar misalan da suka wuce. Sau da yawa kuma dalili ne:

*Being the eldest son, Umaru took over his father's shop.*

*Knowing that the road to Wurno was bad, we left early.*

Ga wani abin sha'awa. An hana ka cewa *I am knowing*, kuma hanin daidai ne, domin aikatau irin su *know*, *believe*, *want*, *own* ba su shiga sigar "ana cikin yi". Amma a gangar fatisiful ƙofa a buɗe take gare su, kuma kusan kullum dalili suke nunawa. Korewa kuwa sauƙi gare ta: *not* ke shiga gaba. *Not knowing the way to Hubbare, the visitors asked a trader.* *Not having eaten since dawn, the boys were weak.* Ba a cewa *knowing not*, ba a kuma jawo *did not* cikin wannan ganga.

Sakamako yana zuwa a ƙarshen jimla, bayan waƙafi. Duk wanda yake Sakkwato a shekarar 2010 bai manta ambaliyar da ta yanke hanyar zuwa mazaunin dindindin na Jami'ar Usmanu Danfodiyo ba:

*In September 2010 the River Rima overflowed, destroying farms and cutting off the road to the university.*

Da Hausa cewa za mu yi "har ya lalata gonaki". Wannan ginin shi ne 'yan jarida suka fi so, kuma in ka buɗe Daily Trust ta kowace rana za ka tsince shi a labarin farko ko na biyu.

Sharaɗi ma yana fitowa, galibi da siffa ta uku: *Kept in a dry, airy store, onions last for months.* Wato in an adana albasa inda iska ke shiga.

Idan kana tsoron mai karatu zai kasa gane alaƙar, kana iya barin mahaɗin a wurinsa: *while waiting for the bus*, *when asked about the money*, *after praying*, *before leaving*, *on hearing the news*, *if taken with food*, *although injured*. Masana nahawu za su ce wadda ke bayan *after* da *before* da *on* sunan aiki ce, wato *gerund*, amma dokar mai aiki guda tana kanta ita ma. *Because* ce kawai za ka kiyaya. Ba a cewa *because knowing the road*. Ko ka bar *because* da cikakkiyar ganga, ko ka jefar da ita ka bar *knowing* ta ɗauki dalilin.

Mataki na biyar: wadda ke bin suna

Akwai iri na biyu da ba ya zuwa farkon jimla. Yana manne wa suna ta baya ya bayyana wane ake nufi, kuma asalinsa ganga ce mai *who* ko *which* aka rage mata kaya:

*The man who is selling kilishi at the gate is my uncle.*
*The man selling kilishi at the gate is my uncle.*

Wannan "mai" ɗinmu ce sak: mutumin nan mai sayar da kilishi. Ta ɓangaren siffa ta uku kuma:

*The poems written by Nana Asma'u are still studied today.*

Waƙoƙin da Nana Asma'u 'yar Shehu ta rubuta, an cire *which were*. Ba a sa waƙafi a nan, don gangar ce ke tantance wane mutum ko waɗanne waƙoƙi. Iyakarta ɗaya da ya kamata ka sani: *-ing* ba ta ɗaukar aikin da aka yi sau ɗaya aka gama. Yaron da ya fasa taga jiya shi ne *the boy who broke the window yesterday*. Kada ka rage shi.

Inda abin ya fi ciwo: wasiƙar neman aiki

Kuskuren akuya da keke a insha'i maki kaɗan zai ci maka. Wanda ke damuna shi ne wanda nake gani a takardun manya, waɗanda suka gama NCE ko digiri suka kawo mini in duba musu kafin su kai. Wata 'yar maƙwabtanmu ta kawo tata da daddare, ta rubuta ta da hannu mai kyau, layi a miƙe, ga jimlar farko:

*Having completed my NCE, it is my pleasure to apply for the post.*

Na ce, "'Yata, wa ya gama karatun?" Ta ce, "Ni, Baba." Na nuna mata abin da ke bayan waƙafi: *it*. Kalmar da ba ta taɓa shiga aji ba. Muka gyara tare: *Having completed my NCE, I wish to apply for the post.* Can ƙasa kuma ta sa *Being a hardworking student, the principal gave me a prize.* Wannan ta fi muni, domin jimlar ba ta karye ba, ma'anar ce ta juye: ta yabi shugaban makaranta da ƙwazon da nata ne. *Being a hardworking student, I was given a prize by the principal.* Mai ɗaukar aiki da ya san Turanci zai ga waɗannan nan take, kuma takaicina shi ne yarinyar ta san aikinta, ba wanda ya taɓa nuna mata wannan tambaya guda ne kawai.

Ɗan'uwan wannan kuskure shi ne barin gangar ita kaɗai da aya a bayanta. *Hoping to hear from you soon.* A saƙon waya tsakanin abokai ba mai kama ka. A wasiƙar hukuma ko a jarrabawa jimla ce marar kai, sai ka ce *I hope to hear from you soon.*

Akwai 'yan kalamai da Turawa suka yafe wa dokar saboda sun zama jiki: *generally speaking*, *judging from*, *considering*, *strictly speaking*. Su kam haddace su za ka yi yadda suke. Akwai kuma hanyar da ganga ke zuwa da mai aikinta a gabanta, sai ta daina aro: *The rain having stopped, the farmers went out.* Ruwa ne ya ɗauke, manoma ne suka fita, kowa da nasa. Sau da yawa *with* ke jan ta: *With the sun beating down, the market emptied.* Kai ma ka daɗe kana faɗin irinta ba ka sani ba, domin *God willing*, wato in Allah ya yarda, wannan ginin ne.

A ɗakin jarrabawa

A sashen karanta-ka-amsa na WAEC da NECO akwai tambayar da ba ta fashi: a ciro maka wasu kalmomi a ce ka faɗi sunansu a nahawu da aikinsu. A nan ake rikita fatisiful da sunan aiki, don dukansu suna da *-ing*. Gwajin da nake ba yara shi ne su rufe kalmomin da yatsa su karanta saura. *Swimming in the river, he cut his foot*: in ka rufe, *he cut his foot* tana tsaye da ƙafarta, to fatisiful ce, kuma *he* take bayyanawa. *Swimming in the river is dangerous*: in ka rufe, saura *is dangerous*, jimla ta rushe. Wannan aikin suna take yi, ita ce mai aikin *is*, kana ma iya sa *it* a gurbinta.

A insha'i kuwa, kaso mafi tsoka na maki yana kan iya sarrafa harshe, kuma jimloli masu siga daban-daban suna daga abin da mai duba takarda ke nema. Labarin da kowace jimla ta fara da *I* ko *Then* yana gundura. Amma ɗaya ko biyu a sakin layi sun isa. Na taɓa duba takardar da jimla bakwai a jere suka fara da *-ing*, kai ka ce ganga guda ake bugawa. Ka kuma tuna cewa wannan gini na rubutu ne. Ba wanda zai ce wa abokinsa a majalisa *Having eaten, I came*, cewa zai yi *I ate and then I came*.

Yanzu ɗauki biro ka haɗa waɗannan kafin ka duba ƙasa:

1. *Hauwa heard the call to prayer. She closed her book.*
2. *The university was established in 1975. It was first called the University of Sokoto.*
3. *Bello had sold all his onions. He returned to Goronyo.*
4. *I did not have enough money. I walked to Mabera.*
5. *We were waiting at the motor park. The rain started.*

Ta farko: *Hearing the call to prayer, Hauwa closed her book.* Ta biyu "da aka" ce: *Established in 1975, the university was first called the University of Sokoto.* Lura yadda *the university* ta koma gurbin *it*. Ta uku "bayan ya" ce, kuma *had sold* ta riga ta tona maka asiri: *Having sold all his onions, Bello returned to Goronyo.* Ta huɗu dalili ce mai korewa: *Not having enough money, I walked to Mabera.* Wannan *having* ta mallaka ce, shi ya sa suna ke bin ta maimakon siffa ta uku.

Ta biyar tarko ce, kuma da gangan na sa ta. Mu ne ke jira, ruwa ne ya sauko. Idan ka rubuta *Waiting at the motor park, the rain started*, ka zaunar da ruwan sama a tasha yana jiran mota. Rubuta *While we were waiting at the motor park, the rain started*, ko kuma, in kana son fatisiful ɗin dole, ka kawo mu bakin ƙofa: *Waiting at the motor park, we were caught in the rain.*